Mai Famfo a Cikin Bututu

"Da saura, Baba," in ji mai hoton ƙwaƙwalwa na asibiti, yana girgiza farantin roba. "Duk abin da ka san ƙarfe ne, fito da shi. Injin nan maganaɗisu ne, ko allura ba ya ƙyalewa."

Mai Famfo ya sake kai hannu aljihu. Hannun na rawa, sai da ya yi ta kuskuren bakin aljihun kafin ya shiga. Matarsa na tsaye a gefe ta harɗe hannu. Ba ta taimaka masa ba, don ta san ba a taɓa masa aljihu. Ya fito da noti, ya fito da ƙaramar sifana, ya fito da kan famfo mai tsatsa, sannan ya zaro wata filaya da ta daɗe tana nema a gida.

"Au, ashe tana wurinka," ta ce. "Ni har na zargi maƙwabta."

"Mutum... ba ya... fita... tsirara," ya ce.

Haka maganarsa ta koma tun da ciwon ya kama shi. Kalma ɗaya, a huta, sannan wata. Fuskarsa ma ta daskare, ko ba'a yake yi ba ka gani, sai wanda ya san shi.

Matar tasa, Manaja ake ce mata a gidan. Shi ya raɗa mata sunan tun farkon aurensu, saboda ita ke tarar masu neman gyara a ƙofa, ta ce ya fita alhali yana ciki yana minshari. Ita kuma in tana son tsokanarsa sai ta ce Injiniya.

A waje, kan benci, yayarsa na zaune da jaka a cinya kamar wadda ta zo karɓar kaya. Kayan kuwa ta zo karɓa. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau da furfura a gemunsa Auta take kiransa. Da safe a cikin tasi ta faɗa wa Manaja ba ɓoye-ɓoye.

"Yau dai za a ga cikin kan. In likita ta ce gishiri ne, daga nan gidana zai wuce. Na share ɗaki, na shimfiɗa katifa. Ba zan bar shi a gidan da ake dafa wa mutum ruwan zafi a ce miya ce ba."

Mai Famfo ya kalli taga. Tun da Manaja ta san shi ba ta taɓa jin ya ce wa yayarsa a'a ba, don haka ta san in Yaya ta ce tashi, tashi zai yi.

Maganar gishirin kuwa ga yadda take. An ce yana da hawan jini, aka ba shi wani magani mai sa fitsari, aka ce a rage masa gishiri. Manaja mace ce da in an ce ta rage sai ta cire. Ya yi ƙorafi, ya ce ko ruwan tanki ya fi miyarta ɗanɗano, ta ce ya sha ruwan tankin. Ana haka amai da gudawa suka kama shi, ya kwana yana ɗirkar ruwa zalla. Da gari ya waye ya kalle ta ya tambaye ta ko ita ce mai gidan da banɗakinsa ya toshe. Aka kwashe shi zuwa asibiti, aka ce gishirin jininsa ya yi ƙasa sosai, aka ɗaura masa ruwa. Ya farfaɗo, ya gane kowa, ya koma surutunsa, aka sallame shi. Bai yi mako a gida ba harshe ya fara nauyi, ruwa ya fara shaƙe shi. Daga baya hannu ya kama rawa, tafiya ta zama ƙanana-ƙananan taku, wuya kuma ya riƙa karkata hagu da kansa kamar ana kiransa daga can.

Tun daga ranar Yaya ba ta sake cin abincin gidan ba.

Mai hoto ya sa Manaja ta cire 'yan kunne da zobe, ya tambaye ta ko tana da ƙarfe a jiki, ta ce sai dai a kai, in ji mijinta. Suka shiga. Ɗakin sanyi ƙalau, injin na tsakiya, fari, ƙato, da rami a cikinsa. Mai Famfo ya tsaya ya ƙare masa kallo.

"Manaja."

"Na'am."

"Duk rayuwata... ina leƙa... bututu. Yau... ni za a... zura."

"To ka yi addu'a kada ka toshe shi, don ba wanda zai gyara."

Aka kwantar da shi, aka toshe masa kunne, aka rufa masa wani abu kamar kwando a kai. Mai hoto ya ce abu ɗaya kawai ake so, kada kan ya motsa. Ya koma bayan gilashi, gadon ya zame ciki, injin ya fara bugawa kamar ana dukan ganga da guduma. Ba a daɗe ba ya tsaya. Mai hoto ya fito yana sosa ƙeya.

"Mama, hoton ya fito kamar an ɗauki keke a guje. Kan yana juyawa."

"Ai juyawar ce ta kawo mu," ta ce. "Da yana tsayawa me za mu zo yi?"

"Gaskiyarki. In ya ƙi sai mu yi masa allurar barci, amma ba yau ba, sai an sake ba ku rana."

Wata rana. Manaja ta tuna katifar da aka shimfiɗa. Yaya ba za ta jira wata rana ba, za ta ce a je a jira a gidanta.

"A gida in na sa masa yatsa a haɓa, wuyan yana dawowa," ta ce. "Ba dannawa ba, taɓawa kawai. Haka nake ba shi shayi."

"Ana samun haka," in ji mai hoto. "Amma hannunki ba zai kai can ba. Bari mu gwada soso."

Ya kawo guntun soso ya cusa tsakanin haɓar da kwandon, ya ƙara wasu a gefen kunnuwa. Wuyan ya yi gardama kaɗan, sannan ya haƙura. Manaja ta sunkuya kusa da kwandon ta ɗaga murya, saboda kunnen a toshe yake.

"Injiniya! Yaron nan ya ce injinsu yana wata ƙara da ba su gane ba. Ka kwanta shiru ka saurara musu, ka gano daga ina take."

Mai hoto ya buɗe baki, ta harare shi, ya rufe.

Gadon ya sake zamewa. Abin da ya rage a waje ƙafafunsa ne, sai ta riƙe ɗaya. Safar tana da huji a babban yatsa, ta ji kunya, ta rufe hujin da tafinta. Bayan ya rasu, Allah ya jiƙansa, mutane sun yi ta tuna mata abubuwa manya a kansa, ita kuwa ƙafar nan take yawan tunawa, da ɗuminta a cikin ɗakin sanyi, da yadda yatsan ke ɗan motsi a tafinta duk lokacin da injin ya canja kiɗa.

Da aka zaro shi mai hoto ya ɗaga babban yatsa. Aka cire kwandon, aka zaunar da shi.

"Iska ce," in ji Mai Famfo. "Iska... ta shiga... layin. A sauke... ta."

"Za mu faɗa wa manya, Baba. Mun gode."

Bayan azahar aka kira su ɗakin likitar ƙwaƙwalwa. Mace ce siririya mai tabarau, tana shan shayin da ya huce. Kujera biyu ce a gaban teburin. Aka zaunar da Mai Famfo a ɗaya, Yaya ta zauna a ɗayar tun kafin a ce bismillah, Manaja ta tsaya a bayansa. Likita ta juyo musu da fuskar kwamfuta.

"Baba, ga kanka."

Yaya ta matso da ido. "Wannan ai kamar an raba kabeji biyu."

"Akwai... abu... a ciki," in ji Mai Famfo. "Manaja... ki gani... da idonki."

Likita ta yi murmushi, ta ɗauki biro ta nuna. A ƙasa, inda kai ya haɗu da wuya, akwai wani farin tabo a tsakiya. Ta matsa hoton sama, sai ga wasu fararen tabo biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, daidai wa daida kamar an auna.

"Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna da riga," ta ce, "kamar robar da ke rufe wayar lantarki. Duk inda kuka ga fari, rigar ta saɓule. Na ƙasan nan shi ya taɓa magana da haɗiya. Waɗannan biyun su ke kula da motsi, shi ya sa hannu ke rawa, wuya ke juyawa. Akwai magani da za mu fara, da masu motsa jiki. Wasu suna samun sauƙi sosai, wasu kaɗan. Ba zan yi muku alkawarin abin da ban sani ba."

"Ni tambayata ɗaya ce, likita," in ji Yaya. "Gishiri ne ko ba gishiri ba?"

"Gishiri ne."

Yaya ta buga jakarta. "Alhamdu lillahi, kunnen kowa ya ji. Auta, tashi."

"Mama, ki bari in ƙarasa. Ba tafiyar gishirin ce ta yi wannan ba, dawowarsa ce. In gishiri ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwa tana sabawa da hakan. In za a mayar, a hankali ake mayarwa, ɗigo-ɗigo. In ya dawo da gudu sai ya zuƙe ruwan da ke cikin jijiyoyin, rigar ta lalace, kuma ba a gani nan take sai bayan kwanaki." Ta cire tabarau ta goge. "Abin da ya ɗaure mana kai, ledar ruwan da aka tsara za ta kai shi washegari, tun kafin la'asar ta ƙare. An kira nas ɗin da ta ɗaura, ta rantse a hankali ta saita, har da kuka. To ni dai ina tambaya. Ku da kuke jinya, akwai wanda ya ga wani abu?"

Manaja ta dafa bayan kujerarsa.

Ta gani mana. Ranar da ya farfaɗo ta fita wanke kofuna, ta dawo ta same shi zaune a gado yana washe baki. A jikin siririn bututun ledar akwai wata 'yar taya ta roba. Ya nuna mata ita ya ce, "Manaja, asibiti guda ba wanda ya iya buɗe famfo. Tun safe abin nan ke ɗis, ɗis, kamar mai rowa. Na gyara musu, kyauta." Ta duba ta ga ruwan na sauka ras, ta yi dariya har da tafi, ta ce Injiniya ya dawo. Da ledar ta ƙare wata nas ta daban ta zo ta ɗaura sabuwa, ba wanda ya ce komai. Daga ranar ba ta sake tunawa ba sai yanzu.

Ta kalli ƙeyarsa. Hannun na rawa a kan gwiwa kamar kullum. Ba ta san ko ya tuna ba, don a kwanakin nan kansa bai gama dawowa daidai ba. In bai tuna ba, ita ce za ta tsaya a gaban yayarsa da baƙuwa ta ce masa da hannunka ka yi wa kanka? Mutumin da abin da ya rage masa a duniya shi ne a ce ya iya aiki? Ta ce a ranta gobe za ta dawo ita kaɗai ta faɗa wa likita, don a ƙyale nas ɗin, yarinyar mutane. Yau dai a'a.

"Nas ko ba nas ba," in ji Yaya, "da an sa masa gishiri a miya me zai kawo shi hannun nas?"

"Haka ne, Yaya," in ji Manaja. Muryarta ta fito ƙarama. "Ni ce ban sa ba. A bar shi a haka."

Yaya ta juyo ta kalle ta, don ba ta zaci za a ba ta nasara da arha haka ba. Ta miƙe ta saɓa jaka.

"Ni..." in ji Mai Famfo.

"Ni za ka bi, na sani. Tashi."

"Ni... na..."

"Ka gaji, ai dole. Tun safe ba ka sa komai a ciki ba."

"Na..."

"Na gode, ya ce ya gode, likita."

"Yaya," in ji Manaja, "don Allah ki bar shi ya ƙarasa."

Ba ta taɓa yi wa Yaya magana da wannan murya ba. Yaya ta tsaya da baki a buɗe. Likita ta ajiye biro. Wuyansa ya karkata hagu, Manaja ta kai yatsa ta taɓa haɓar, ya dawo ya fuskanci likita.

"Ni... na... buɗe," ya ce. Ya ɗaga hannun mai rawa, ya murza iska da babban yatsa. "Na zaci... toshewa... ya yi."

Likita ta rufe ido ta buɗe.

"Ni... da nake... hana mutane," ya ci gaba, yana haki tsakanin kalmomin. "In ruwa... ya daɗe... bai zo ba... ba a buɗewa... gaba ɗaya. Tsohon... bututu... fashewa yake."

"Baba," in ji likita a hankali, "ba zan rantse wannan kaɗai ne ba. Jikinka ya riga ya galabaita, kuma wani lokaci ana bin komai a hankali abin ya faru. Mu ma ya kamata a ce mun gaya maka kada ka taɓa, mun kuma lura da wuri. Amma na gode da ka faɗa. Akwai wadda za ta samu barci yau."

Yaya ta koma ta zauna a hankali. Ta kalli hoton, ta kalli ƙaninta. Sai ta ɗaga jaka ta maka masa a kafaɗa, ba da ƙarfi ba.

"Uban taɓe-taɓe! Likita, kin ga wannan? Yana yaro ya kwance rediyon babanmu wai yana neman mutumin da ke ciki. Ni na sha dukan. Ya kwance keken ɗinkina, ya mayar, ƙusa uku suka yi saura, ya ce dama ba su da amfani. Yanzu ka gama da kayan mutane ka koma kan kanka?" Tana faɗa tana share ido da gefen mayafi. "Ɗis, ɗis ɗin ina ruwanka da shi? Kai aka kawo gyara, ko kai ka zo gyara?"

"Ruwan... bai... gudu."

"Ai ga shi ya gudu!"

Manaja ta yi ƙoƙarin danne dariya, ta ƙi dannuwa, ta fito tare da hawaye. Likita ta miƙa mata takardar goge fuska, ta rubuta magani, ta ce su dawo bayan wata ɗaya, kuma a sa gishiri a miya daidai misali, kada a cire, kada a zuba da ludayi. Ta faɗi na farkon tana kallon Manaja, na biyun tana kallon Yaya.

Kafin su kai bakin titi rana ta yi sanyi. Tafiyar ba nisa, amma da irin takunsa sai da suka daɗe. Ya tsaya a wurin mai hoto ya karɓi kayan aljihunsa, ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Filayar ce kawai Manaja ta riga shi ɗauka ta jefa a jakarta. Yaya na gaba, ita ta tsayar da tasi. Ta buɗe ƙofar baya ta riƙe.

"To," ta ce, ba ta kalli Manaja ba. "Ɗakin dai na riga na share. Kuma ko ba gishiri, mutum biyu sun fi ɗaya iya jinya. Gidana ya fi kusa da asibiti. Auta, ka faɗa da bakinka, kada a ce na yi ƙarfa-ƙarfa."

Manaja ta sunkuyar da kai tana gyara madaurin jaka wanda ba abin da ya same shi. Direba ya leƙo ya ga tsohon, ya kashe mota.

Mai Famfo ya dafa ƙofar. Ya daɗe yana tattaro maganar.

"Yaya... Allah... ya saka. Amma... gidanki... ba a..."

"Ba a barin mutum ya gama magana. Na ji!"

Ya kalle ta da daskararriyar fuskar nan, kafaɗunsa suka fara girgiza. Manaja ta san wannan ba rawar ciwo ba ce.

Yaya ta yi tsaki, ta kama shi ta hammata, Manaja ta kama ɗaya gefen, suka zura shi a kujerar baya. Yaya ta zagaya ta shiga gaba ta ja ƙofa da ƙarfi.

"Ina muka nufa, Mama?" in ji direba.

Yaya ta nuna baya da babban yatsa ba tare da ta juya ba.

"Tambayi Manaja."